Ranar da Teku Ya Tafi Unguwa

A tsohon birnin Zanzibar sau uku na ɓata kafin azahar.
Lungu ya haifi lungu, lungun ya yi jika,
wani siririn, in ka ci ka ƙoshi, sai dai ka ratsa shi a karkace.
Taswirar da na saya ta jiƙe da gumi a hannuna,
na mayar da ita mafici.

Ƙofofi kuwa, sai wanda ya gani.
Baƙin katako, an sassaƙa masa fure da sarƙa,
ƙusoshin tagulla a jere, kowace da tsininta.
Ina cikin ɗaukar hoton wata sai ta buɗe:
yarinya ce da bokitin wanki.
Ta dube ni, ta dubi ƙofar gidansu,
ta rasa abin kallon, ta yi gaba.

A wata kusurwa tsoho Makame mai gahawa
ya tsiyaya mini a finjali kamar ɓawon ƙwai.
Ya ce, "Habari?" Na ce, "Labari?"
Muka tuntsire da dariya.
Kalma ɗaya ce ta rabu a mararraba,
rabi ya hau raƙumi, rabi ya hau jirgin ruwa,
yau ga su sun haɗu a kan benci.

Shi ya kwatanta mini ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa
inda ake cewa an jibge mutane kamar buhunan kanumfari
suna jiran mai taya su.
Na sunkuya na shiga. Rufin ya ture mini hula.
Ban ɗauki hoto ba.
Da na fito, rana ta mare ni,
har magariba ban iya cewa uffan ba.

Washegari na sauka Jambiani,
na biya kuɗin ɗaki mai kallon teku.
Duk dare yana minshari a bakin ƙofata.
Da hantsi na yaye labule: babu shi.
Sai farin yashi da 'yan kududdufai,
kwale-kwale a kishingiɗe kamar shanun da suka ƙoshi.
Na je wa Faki mai masauki da ƙorafi:
"Kuɗin teku na biya, ina tekun?"
Bai ko ɗago daga ɓarar kwakwarsa ba.
"Ya tafi unguwa. Yana dawowa."

Sai na bi sawun matan garin
muka taka inda jiya kifi ke yawo.
Can na tarar da Mwanakombo zaune cikin ruwa iya ƙugu,
tana ɗaura ciyawar teku a igiya tsakanin turaku,
gishiri ya tsattsage mata yatsu kamar gindin kuka.
Ta miƙo mini ɗaya. Na ƙulla.
Ta duba, ta girgiza kai, ta kwance, ta sāke.
Ashe gonarta ce, gonar aro,
kullum mai ita yakan zo ya karɓi abinsa.

Can ta ɗaga kai ta dubi nesa,
ta ɗora buhu a ka, ta yafito ni.
Ni kuwa, baƙo da manyan idanu,
na tsaya tsintar wuri.

Bai yi sallama ba.
Ta bayan ƙafa ya ɓullo, a hankali, kamar mai bin bashi.
Idon sawu. Ƙwauri. Gwiwa.
Na tattare riga na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba,
matan suna bakin gaɓa suna riƙe ciki.
Na iso da takalmi ɗaya.

Yanzu yana cikin jakata, tare da ƙullin kanumfari,
yashi bai gama fita daga cikinsa ba.
Ɗan'uwansa kuwa ya riga ni yawon duniya,
wataƙila yanzu haka yana Indiya, ba ko biza.